Filin Manoma: Kafin A Dasa Inabi A Rara, A Fara Sanin Irinsa

Manoman Kudan da Hunƙuyi, kusa da Zariya, sun nuna inabi ya kan yi a ƙasar Hausa. Ga shi nan ana sayar da nasu a kan teburan masu kayan marmari tare da wanda a ke kawowa daga Masar da Afirka ta Kudu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in mai lambu na Rara, ko Raba, ko Wurno, ko Goronyo, ya fara tunanin ko shi ma ya taɓa. Amsa ita ce, yana iya yi, amma fa da sharaɗi biyu. Na fari, a san irin da za a dasa. Na biyu, a san lokacin da za a sa shi ya yi 'ya'ya. Wanda ya kuskure ɗaya daga cikin biyun nan ya yi hasarar kuɗin dirkoki da waya, da wahalar shekara uku.

Noman inabi ba kamar na albasa ko tafarnuwa ba ne, waɗanda in bana ba su yi ba sai a sake iri baɗi. Kurangar inabi ta kan yi shekara 20 ko fiye a wuri guda. Don a gane maganar sosai, darasin wannan mako zai ɗauki iri guda wanda ya yi suna a duniya, a duba halinsa da ƙasashen da ya ke yi, sa'an nan a ga abin da manomin Rara zai ɗauka da abin da zai bari.

INABI IRI-IRI NE

Inabi ɗan'uwan dafara ne, wadda magina su ke sawa cikin yaɓe. Dukansu masu yaɗo ne, suna da 'yan hannuwa da su ke kama abin da su ka samu su hau. Faru kuwa, ko da ya ke 'ya'yansa su kan yi nono-nono kamar na inabi, ba danginsa ba ne.

Irin inabi a duniya ya kai dubbai, amma masu noma sun kasa shi kashi uku bisa ga aikinsa. Akwai na ci, mai manyan 'ya'ya da tsoka mai ƙwari da fata marar kauri. Akwai na shanyawa, wanda a ke yin zabibi da shi, galibi ba shi da ƙwaya a ciki. Akwai kuma na matsa, wanda Turawa su ke yin giya da ruwansa. Abin lura shi ne, sandar da a ke dasawa duk kama ɗaya ta ke. Ko gwani ba ya iya duban guntun reshe marar ganye ya rantse da irinsa. Kama da wane kuwa ba ta wane.

LABARIN SHIRAZ

Cikin irin matsa akwai wani baƙi mai suna Syrah, wanda a Ostareliya da Afirka ta Kudu a kan kira shi Shiraz. Da shi a ke yin jar giya mai duhun launi da ƙarfi, wadda ta ke cikin masu tsada a ƙasashen Turai. Da ya ke akwai birni mai suna Shiraz a ƙasar Iran, mutane sun daɗe suna cewa daga can aka kawo shi. Amma wajen ƙarshen shekarun 1990 masana na jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da na Montpellier a Faransa, su ka bincika ƙwayoyin halittarsa, su ka iske ɗan ƙasar Faransa ne. Iyayensa waɗansu iri biyu ne na kudu maso gabashin ƙasar da ba su yi wani suna ba, Dureza da Mondeuse Blanche. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa manomi kada ya dogara da suna.

Gidansa na asali shi ne kwarin kogin Ron, kudu da birnin Liyon. Inda ya fi suna a can wani tsauni ne da a ke kira Hermitage, wanda duk gonakinsa ba su kai eka 350 ba. Ƙasar wurin tsakuwa ce, ga gangara, ruwa ba ya kwanciya ko kaɗan. Tsaunin yana fuskantar rana, akwai kuma busasshiyar iska mai ƙarfi da ta kan biyo kwarin daga arewa ta busar da ganye bayan ruwa. Tun 1937 aka yi doka wadda ta tsai da iyakar gonakin da za su ɗauki wannan suna.

A 1831 wani Bature mai suna James Busby ya zaga Sifen da Faransa yana tara sandunan inabi, su ka isa Ostareliya a 1832, har da wannan iri a ciki. Can ya sami gida na biyu, musamman a kwarin Barossa, wajen mil 40 daga birnin Adelaide. Akwai kurangar Shiraz a Barossa da aka dasa a 1843, ta shige shekara 180 tana ba da 'ya'ya.

To, ga abin da ya kamata mai lambu ya riƙe. Ruwan saman da Barossa ta ke samu a shekara wajen inci 20 ne ko sama kaɗan, watau bai kai na ƙasar Sakkwato ba, inda a kan sami wajen inci 25. Amma nasu galibi da sanyi ya ke sauka, sa'ad da kuranga ta zubar da ganye tana barci. In ta farka ta yi fure ta ɗauki 'ya'ya, sai ta iske sama ta washe, rana tana bugu, iska a bushe. Ashe abin da inabi ya ke so shi ne danshi a saiwa, rana a ka, ganye a bushe. Yawan ruwa bai dame shi ba kamar lokacin saukarsa.

ME YA SA YA KE DA DUHU DA BAURI?

In aka matse ƙwayar inabi baƙi a kan farin ƙyalle a hankali, za a ga ruwan kusan fari ne. Launin a fata ya ke. Shiraz kuwa 'ya'yansa ƙanana ne, ba su fi gujiya girma ba, fatarsu da kauri, ga ƙwayoyi a ciki. Da ya ke 'ya'yan ƙanana ne, fata ta yi yawa bisa ga ruwa, shi ya sa in an jiƙa su tare launin ya kan fito baƙi-baƙi.

Cikin fatar da ƙwayoyin akwai wani sinadari mai bauri, mai ɗaure baki. Mutumin Sakkwato ya san danginsa sarai, gama irinsa ne ke cikin bagaruwa wadda majema su ke jeme fatar jar akuya da ita, shi ne kuma ke ɗaure harshe in an ci goro. Masu giya wannan baurin su ke nema, don shi ke sa abinsu ya daɗe bai lalace ba. Don su ƙara shi, su kan hana kuranga ruwa da taki da gangan, su rage yawan nonon da za ta ɗauka, su bar shi a kan itace har zaƙinsa ya kai kashi 24 ko 25 cikin 100. Inabin ci kuwa a kan tsinke shi yana wajen kashi 16 zuwa 19.

Yanzu a ce wani manomi ya ji sunan wannan iri, ya ji tsadar abin da a ke yi da shi, ya ce ai shi ne sarkin inabi, ya cika rabin eka da shi. Bayan shekara uku sai ya kai kasuwar Acida ko ta Sakkwato. Mai saye ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa a baki, ya ji zaƙi, amma sai tofar da fata da ƙwaya, ga bauri. Ya dubi na kusa da shi, manya-manya jajaye, sai ya wuce can. Ba ya kuma jure tafiya a kwando, gama ruwa ne da shi, da ya ɗan matsu sai ya fashe. Aikin da aka yi shi dominsa kuwa addinin Musulunci ya hana, malamai ma sun yi hani ga sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Saboda haka irin matsa, ko Shiraz ne, ko Cabernet Sauvignon, ko Merlot, ba shi da kasuwa a wannan ƙasa. In mai sayar da dashe ya ambaci ɗaya daga cikin sunayen nan, sai a yi masa godiya a wuce.

IRIN DA YA KAMATA A NEMA

Ga waɗansu irin ci da a ke nomawa a ƙasashe masu zafi:

Thompson Seedless: kore ne mai ɗan fatsi-fatsi, ba ƙwaya. Ana ci, shi ne kuma aka fi yin zabibi da shi. Yana son busasshiyar iska, amma ba ya jure cutar damina.

Flame Seedless: ja ne, ba ƙwaya, yana nuna da wuri.

Red Globe: ja ne, manyan 'ya'ya masu ƙwaya, yana jure tafiya. Ya kan ɗauki lokaci kafin ya nuna, rana kuma ta kan ƙone shi in ba inuwar ganye.

Anab-e-Shahi: fari ne mai manyan nonna, yana ba da amfani da yawa, zaƙinsa matsakaici.

Bangalore Blue: baƙi ne mai ƙwaya, ya fi sauran jure cuta, saboda haka ya dace da mai koyo. Amma kuɗinsa a kasuwa bai kai na marasa ƙwaya ba.

Kada a shuka ƙwayar inabin da aka saya aka ci. Abin da zai tsiro ba zai ɗauko uwarsa ba, kamar yadda ƙwallon mangwaron aure ba ya ba da mangwaron aure. Sanda a ke dasawa, kamar rogo. Hanyar da ta fi aminci ita ce mutum ya je da ƙafarsa gonar da a ke da inabin sa'ad da ya ke da 'ya'ya, ya gani, ya ɗanɗana, ya sa wa kurangar alama, sa'an nan ya komo ya karɓi sanda daga jikinta lokacin da mai ita zai rage rassa. Wanda ba shi da halin tafiya ya nemi shawarar malamin gona, ko ya tambayi Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Sayen dashe don an ga hoto a waya caca ce.

Sanda mai kyau ita ce ta reshen da ya ƙosa ya yi ja-ja, mai kaurin fensir, tsawonta kamar inci 9 zuwa 12, da ido 3 ko 4. A kafa ta cikin leda mai ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki, ido biyu a ƙasa, a ajiye a inuwa. A lura kada a kafa ta kai ƙasa, gama ba za ta tsiro ba. Bayan wata biyu ko uku ta isa dashe.

WURIN DASHE

Mutanen gabashin Sakkwato da sun ji maganar lambu sai hankalinsu ya tafi fadama. Amma tsakiyar fadama, inda baƙar laka ta ke, wurin shinkafa ne. Saiwar inabi ba ta son kwanciyar ruwa, in ta yi kwanaki a ciki sai ta ruɓe. Wanda ya tuna ambaliyar 2010, wadda ta ci gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno, ya san duk abin da aka kafa a ƙasan fadama aro ne. Albasa in ruwa ya ci, hasarar shekara guda ce. Rumfar inabi in ruwa ya ci, hasarar shekaru ce.

Wurin da ya dace shi ne bakin fadama, ɗan tudu-tudu, inda jigawa ta gauraya da laka kaɗan, ga kuma rijiya ko bohol kusa. A haƙa ramin gwaji cikin watan Agusta, in an tarad da ruwa kafin a kai ƙafa 4 ko 5, wurin bai yi ba. A guji ƙasa mai kanwa, wadda ta kan yi fari-fari da rani. A guji kuma inda aka daɗe ana tumatir ko kuɓewa har saiwarsu ta kan yi ƙulu-ƙulu, gama tsutsar da ke yin wannan ba ta ƙyale inabi. Ya fi kyau gonar ta zama kusa da gari, don inabi yana bukatar a leƙa shi kullum, gonar nesa kuwa ba ko yaushe a ke samun halin zuwa ba.

A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi. A gauraya ƙasar sama da kwando biyu na takin shanu wanda ya ruɓe sarai, a mayar, a ba shi ruwa ya zauna. Ɗanyen taki gara ya ke kira. In an bar ƙafa 10 tsakanin layi da layi, ƙafa 10 kuma tsakanin gindi da gindi, eka guda za ta ɗauki gindi 435. In ƙafa 10 ne da ƙafa 6, za ta ɗauki 726. A ja zana ko shinge ta gabas maso arewa don a rage bugun iskar hunturu, a kuma tsare awaki, gama suna son ganyen inabi ƙwarai.

RUMFA DA TARBIYYA

Inabi ba ya tsayuwa da kansa. A ƙasa mai zafi rumfa ta fi dacewa da shi, don ganye ya kan shimfiɗu a sama ya yi wa 'ya'ya inuwa, iska kuma tana ratsawa ta ƙasa. Tsayinta ya kai ƙafa 6 da rabi, yadda mutum zai shiga ba sunkuyo. Dirkokin ƙarfe ko na siminti sun fi na itace, saboda gara. Nan ne mafi yawan kuɗi ya ke tafiya, shi ya sa aka ce a tabbatar da iri tukuna.

Shekarar fari ba ta neman 'ya'ya ba ce. A zaɓi tsiro guda mai ƙarfi, a ɗaure shi a jikin sanda ya miƙe, a riƙa cire duk wanda ya fito ta gefe. In ya kusa waya sai a tsinke kansa, ya fid da hannu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a kwantar da su a kan waya. Daga jikinsu ƙananan rassa za su fito. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A kan fara ganin 'ya'ya cikin shekara ta biyu, amfani sosai kuwa sai ta uku.

ASKI SAU BIYU

A Faransa da Barossa sanyi ne ke sa kuranga barci, ɗumi ya tashe ta. A ƙasar Hausa ba sanyin da ya isa haka. In aka ƙyale ta sai ta yi ta yaɗo, ganye kamar kabewa, 'ya'ya kaɗan, su ma su faɗo cikin damina su ruɓe. Saboda haka manomi shi zai tsara mata lokaci da almakashi. Manoman Nashik a Indiya, waɗanda su ma su ke da damina mai zafi da dogon rani, sun daɗe suna bin hanyar aski biyu, watau datse rassa sau biyu a shekara, amfani sau ɗaya. A Petrolina ta ƙasar Barazil, wadda ta fi Rara kusa da tsakiyar duniya, da aski da ban ruwa su ke juya lokacin nunar inabinsu yadda su ke so. Hanyar Nashik ita ta fi kusa da yanayin gabashin Sakkwato.

Askin fari, na gina rassa. Bayan an gama tsinka, a bar kuranga ta huta mako uku ko huɗu. Cikin Afrilu a datse ko wane reshe a bar masa ido 1 ko 2 kaɗai, a sa taki, a ba da ruwa sosai, gama bazara ce. Sababbin rassa za su fito. Wajen mako shida zuwa takwas bayan aski, a cikin idanun rassan nan ne asalin nonon baɗi ya ke ƙulluwa, yana kuwa bukatar hasken rana mai ƙarfi. Wanda ya jinkirta har gizagizan Yuli su ka rufe sama, zai sami rassa masu kyaun gani marasa 'ya'ya. Duk furen da ya fito a wannan zagaye a tsinke shi, kada a yi kwaɗayi.

Aski na biyu, na 'ya'ya. In ruwa ya ɗauke, wajen tsakiyar Oktoba, a rage ban ruwa kamar kwana 10, a zage ganye, sa'an nan a datse rassan da su ka ƙosa. Yawan idon da za a bari ya danganta ga iri. Bangalore Blue ido 3 ko 4 sun isa, gama kusa da gindin reshe ya ke ɗaukar 'ya'ya. Thompson Seedless kuwa sai an bar 8 zuwa 12, don nasa can gaba su ke. Wanda bai san irinsa ba zai yanke amfaninsa da hannunsa ya zubar. Akwai wani magani mai suna Dormex da a ke shafa wa idanu don su tsiro tare, amma guba ne mai ƙarfi, kada a taɓa shi sai da safar hannu da jagorar malamin gona.

Bayan aski da mako biyar ko shida sai fure. Daga aski zuwa tsinka kuwa kamar wata huɗu ne zuwa huɗu da rabi. Watau 'ya'ya za su yi girma su juya launi cikin Disamba da Janairu, a tsinka cikin Fabrairu. Wannan lokaci shi ne zinariya, gama da rana akwai haske, da dare akwai sanyin hunturu, sanyin dare kuwa shi ke sa jan inabi ya yi ja sosai. Wanda ya bar aski sai Disamba, nunarsa za ta faɗa cikin zafin Afrilu, sa'ad da ma'auni ya kan shige digiri 40. Sai 'ya'ya su ƙone, launi ya ƙi fita.

BAN RUWA

Daga aski har 'ya'ya su fara laushi, kada ƙasa ta bushe. A jigawa a kan ba da ruwa bayan kwana uku ko huɗu, a gindi, ban da kan ganye. A shimfiɗa ciyawa ko ƙaiƙayi kewaye da gindi don danshi ya daɗe, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara. In 'ya'ya sun fara juya launi sai a riƙa rage ruwa kaɗan-kaɗan don zaƙi ya taru. In aka bar ƙasa ta bushe ƙayau sa'an nan aka kwarara ruwa gaba ɗaya, sai 'ya'ya su tsattsage. A nan mai inabin ci ya bambanta da mai Shiraz: wancan yana horon kurangarsa da ƙishirwa don ya sami ƙanana, wannan kuwa manya ya ke nema, saboda haka ragi zai yi, ba hani ba. A kuma rage nonna in sun yi yawa, nono ɗaya ko biyu ga ko wane reshe mai ƙarfi ya isa.

CUTA DA ƁARNA

Da damina a ke samun babbar cuta. Ganye ya kan yi tabo rawaya-rawaya kamar an ɗiga mai, ƙarƙashinsa ya yi farar fumfuna, sa'an nan ya zube. Maganinta yana da labari. A 1882 wani malamin jami'a a Bordo ta Faransa, mai suna Millardet, ya lura kurangar bakin hanya, wadda masu gona su ka yayyafa wa wani shuɗin ruwa don su tsorata masu tsinka, ita kaɗai ta riƙe ganyenta. Ya yi gwaji, a 1885 ya bayyana maganin ga jama'a, har yau kuwa ana aiki da shi. Haɗinsa shi ne kilo 1 na shuɗin gishirin jan ƙarfe, da kilo 1 na farar ƙasa irin ta ƙonannen dutse, cikin lita 100 na ruwa. A narka ko wanne dabam a robar ruwa ko tukunyar ƙasa, ban da bokitin ƙarfe, sa'an nan a haɗa. A tsoma sabuwar ƙusa a ciki, in ta fito da ja-ja sai a ƙara farar ƙasa. A fesa ran da aka haɗa, a kuma fara tun cutar ba ta bayyana ba, don rigakafi ya ke yi.

Da hunturu akwai wata, mai kama da an barbaɗa toka a kan ganye da 'ya'ya. Garin farar wuta ke maganinta, amma a sa da sanyin safiya ko maraice, in rana ta yi zafi ƙwarai ya kan ƙone ganye. In 'ya'ya sun fara zaƙi sai tsuntsaye da jemagu da rina su taso. Raga a kan rumfa, ko jakar takarda ga ko wane nono, ta fi ihu da gwangwani. Duk maganin da aka fesa, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin tsinka, gama inabi ba a feraye shi kafin a ci.

GA 'YAN KASUWA

Inabi ba mangwaro ba ne, ba kuma ayaba ba. Da an raba shi da itace ba ya ƙara zaƙi ko kaɗan. Wanda ya tsinka da tsami, da tsami zai sayar. A ɗanɗana ƙwayar can ƙasan nono, in ta yi zaƙi sauran ma sun yi. A yanka da almakashi da sassafe, a kama ta kara, kada a goge farar ƙurar nan ta jikin 'ya'ya, don ita ce shaidar sabo. A jera a akwati marar zurfi, hawa ɗaya ko biyu, kada a tula a kwando kamar tumatir. Ba a yayyafa masa ruwa.

A 2025 watan azumi ya kama a farkon Maris, ko wace shekara kuwa ya kan matso da kwana 10 ko 11. Watau shekarun da ke biye yana faɗowa cikin Fabrairu da Janairu, daidai nunar inabin da aka yi wa aski da kaka, lokacin da kowa ke neman kayan marmari na buɗa baki. In kuma kasuwa ta cika, mai irin da ba ƙwaya yana da mafita, sai ya shanya ya yi zabibi. Kilo 4 na ɗanye ya kan ba da wajen kilo 1 na busasshe, iskar rani ta Sakkwato kuwa ta isa ta busar da shi, in dai an rufa shi da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda.

A FARA DA KAƊAN

Ƙasar Zariya ta fi ta Sakkwato tudu da sanyi da ruwan sama, saboda haka ba lalle ne duk abin da ya yi a Kudan ya yi a Rara daidai wa daida ba. Rara tana da nata rabon, damina gajeruwa ce, cutar ganye za ta yi sauƙi. Tana da nata nauyin kuma, zafin bazara ya fi tsanani. Shawara ita ce mutum ya fara da gindi 10 ko 20, iri biyu ko uku, a garka ko tsakar gida. Ya sa wa ko wanne alamar sunansa. Ya sami littafi, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta, ya riƙa rubuta ranar aski, da ranar fure, da ranar tsinka, da nauyin abin da aka samu. Bayan shekara uku littafin nan zai gaya masa irin da ya karɓi ƙasarsa, sandar da zai faɗaɗa gona da ita kuma tana nan a rumfarsa, ba sai ya saya ba.

Mutanen Hermitage ba su yi suna don sun kwaso irin wata ƙasa mai suna ba. Irin da su ka tarar a ƙasarsu su ka lura da shi, su ka san halinsa, su ka riƙe. Mai lambu na Rara ya bar musu Shiraz ɗinsu, ya ɗauki wannan hali nasu.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, darasi a kan ajiyar albasa ne.